Amsa: Da gaske akwai makaɗin rock mai hannu ɗaya?

Ɗan'uwa, bidiyon da ka ce ka gani na mai hannu ɗaya yana kaɗa ganguna ba haɗin kwamfuta ba ne. Sunan mutumin Rick Allen, mai gangunan ƙungiyar Def Leppard ta Ingila. Yana ɗan shekara 15 ya shiga cikinsu, a 1978.

Ranar 31 ga Disamba 1984 motarsa ta ƙwace masa a kusa da Sheffield, hannunsa na hagu ya guntule. Likitoci sun ɗinke shi, amma wurin ya ruɓe, dole aka cire.

Yadda yake kiɗan kuwa, ƙafar hagu ce ta gaji aikin hannun. An ƙera masa ganguna na lantarki masu matakai a ƙasa, in ya taka, sautin ya fito kamar an buga da sanda. Sake duba bidiyon, za ka ga yawanci ko takalmi ba ya sawa. A 1986 ya hau dandalin bikin kiɗan rock na Donington a Ingila, jama'a suka yi ta sowa.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya fito fili ya ce firgicin hatsarin ya bi shi shekara da shekaru. Daga baya shi da matarsa suka kafa gidauniyar Raven Drum, suna tallafa wa tsofaffin sojoji masu irin wannan ciwo.