Tambayi Likita: Leɓen maigida na yin wani iri lokacin canjin ruwan jini

Salam Likita. Maigidana ne ba lafiya, ƙafafunsa suka dinga mutuwa a hankali har ya kasa tsayuwa, aka ce wani ciwon jijiyoyi ne mai suna Guillain-Barré, yanzu ana canza masa ruwan jini da na'ura. To duk sanda aka ɗora shi sai yace leɓensa da yatsunsa kamar kiyashi na yawo, jiya har hannunsa ya ƙage amma ya hana ni faɗa wai kar ya dame su. Dan Allah ciwon ne ke ƙaruwa? In na dinga bashi nono da madara zai daina?
Daga wata uwargida, Pantami, Gombe

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Abin da kika bayyana yafi kama da saukar kalsiyam a jini, kuma sanannen abu ne a wannan aikin. Jini in ya fita jiki ya shiga bututu daskarewa yake, shi yasa na'urar take gauraya shi da wani sinadari, sitiret, shi kuma aikinsa kenan ya kama kalsiyam ya riƙe tunda sai da kalsiyam jini ke daskarewa, to in jinin ya komo jiki da sauran sitiret ɗin sai kalsiyam mai aiki ya ragu, jijiyoyi su fara tsalle. Hanta ce ke narkar da sitiret, don haka mai ciwon hanta yafi shan wahala, haka wanda ake mayar masa da filasma, wato ruwan jinin wani mutum, maimakon albumin, wato furotin da aka tace daga ruwan jini, domin filasman ma akwai sitiret a ciki.

Amma fa maganar shiru ɗin nan ce ta dame ni wallahi. Ki faɗa masa wannan ba wajen dauriya bane. Daga leɓe ake farawa, sai ƙagewar hannu, in aka ƙyale har bugun zuciya yana iya rikicewa. Da ya ji, ya gaya wa nas nan take, rage gudun na'urar kawai zasu yi ko su sa masa maganin kalsiyam mai suna calcium gluconate ta jijiya, yawanci cikin mintuna ya lafa. Ki roƙi a auna ionized calcium, wato kalsiyam mai aikin, wanda daidansa wajen 1.1 zuwa 1.3 mmol/L ne, awon kalsiyam na gaba ɗaya yana iya nuna lafiya lau alhali mai aikin ya sauka. A duba magnesiyam ma.

Nono kam ki bashi in likitansa ya yarda kuma yana iya haɗiya ba ƙwarewa, sai dai ba zai rufe wannan giɓin ba. Kafin zama na gaba ki samu likitan da kanki ki gaya masa abin da ya faru jiya.