Amsa ga mai tambayar labule ko bilayin

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina ganin tambayarki, cewa za ki tare a Rijiyar Zaki bayan sallah kuma kin rasa wanda za ki sa tsakanin labule da bilayin ɗin nan na yayi (makarin taga da ake ja da igiya), sai da gabana ya faɗi. Kamar ni na rubuta ta. Bari in ajiye tsintar shinkafar nan in ba ki labari.

Lokacin bikina, a 2021, Umma ta ce a shiga Kantin Kwari a yanko yadi a ba tela. Na ce Allah ya kiyaye, labule ai na tsofaffi ne, ni mai ratsi-ratsin nan nake so, wanda ake ce wa dare-da-rana, irin na Instagram. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani mutum, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi. Ya zo da tef ya gwada taga biyu, sauran ya ce ai duk ɗaya ne, wai idonsa ma awo ne. Taga bakwai fa! Ya yi mini lissafi da sikwaya mita, ya ce in yi sauri dala na tashi, ni kuma sokuwa na tura masa kuɗin kaf.

Ranar jere ina gida ana sa mini lalle, Gwaggo da yayyena suna can tun safe. An kafa gado, an jera kujeru, wayar mutumin nan a kashe. Sai bayan la'asar ya turo yaro a adaidaita sahu da kaya a ɗaure. Na falo ya gaza da kusan tafin hannu ta kowane gefe. Na uwar ɗaka ya yi faɗi, ya ƙi shiga. Na ce ruwan toka, ya kawo ruwan hanta. Yaron ya yi ta huda bango yana sakewa har sabon fenti ya ɓantare. Da magariba Gwaggo ta gaji, ta sa aka buga ƙusa aka rataya zanin gado a tagar ɗaki. Haka aka kai ni, 'yar uwa, da zanin gado a taga. Ranar buɗar kai dangin miji sun cika falo, wata ƙanwar babansa ta ɗaga kai ta ce, "A'a, amarya, labulen naku bai gama girma ba ne?" Aka kwashe da dariya. Ina cikin lulluɓi ina hawaye, su a zatonsu kukan rabuwa da gida ne. Har yau in na haɗu da matar nan a wajen suna sai maganar ta dawo mini. Wata uku ina bin mutumin, yau ya tafi Legas, gobe kwantena ba ta iso ba, jibi babarsa ba lafiya. Daga baya ma ya toshe lambata. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba.

To ko da a ce ya yi daidai, hunturun farko ya nuna mini gaskiyar Umma. Ƙurar Kano ba sai na faɗa miki ba. Dare-da-rana ba ya shiga baho, in kika goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sai ƙurar ta zama taɓo ta zauna a wajen ragar, ki mai da shi kamar taswira. Labule kuwa ki zare shi, ki jiƙa da omo, ki shanya, kafin azahar ya bushe. Ni yanzu duk abin da ba zan iya cirewa in wanke da hannuna ba, ba ya hawa tagar ɗakina.

Amma ban ce bilayin ba shi da wuri ba. A kicin shi na sa, mai faranti-farantin alminiyon, don labule kusa da gas haɗari ne, ga hayaƙin mai da yake sha. Shi wannan sabulu da soso sun ishe shi. Banɗaki ma haka. Mai dogayen fallayen nan a tsaye ki bar wa ofis, yara ɗaya bayan ɗaya suke tsinke su. Kuma don Allah in da yara a gidan ki ɗaure igiyar bilayin can sama, tana iya shaƙe yaro, ba wasa ba.

Ki duba inda tagar take kallo. Ta ɗakina yamma take kallo, a Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ɗakin kamar tanda. Labule mai kauri na sa, na ce tela ya yi masa shafi, rana ta ci shafin ta bar fuskar. Ba shafi, jan labule shekara ɗaya ya koɗe. Karammiski yana da kyau a ido, amma rumbun ƙura ne, in akwai mai asma ki haƙura da shi. Shara-shara kuma da rana ne kawai yake rufa asiri, da dare kina kunna fitila na waje yana ganinki tar, sai an haɗa shi da mai kauri a sanda mai layi biyu.

Wani lokacin ma sai in tuna asabarin ƙofar kakata a Yakasai, iska na shiga, ba mai ganin ciki, in ya yi ƙura a kakkaɓe. Mu ne dai muka ɗora wa kanmu.

Wajen yadi kar ki yi ƙoro, faɗin taga sau biyu ko biyu da rabi, in ba haka ba zai tsaya kamar allo. Sandar ta zarce tagar da kamar taƙi ɗaya kowane gefe, kuma kar ya ja ƙasa, ruwan goge-goge zai ɓata bakinsa. Mai zobe ya fi sauƙin zarewa. In auduga ce a wanke kafin ɗinki, tana tsukewa. Ki zaga Kwari da Sabon Gari ki ji farashi tukuna, ki kuma fito da yadin rana ki ga kalarsa, fitilar shago maƙaryaciya ce.

Ko wa za ki ba, ki tsaya a kansa ya gwada kowace taga, ya rubuta, ki ɗauki hoton takardar. Rabin kuɗi kawai, cikon sai ya rataya kin gani da idonki, kuma ya gama mako biyu kafin jere. Ki turo mini awon tagoginki da inda suke kallo, in na sauke girki zan lissafa miki yadin.