Amsa kan barewa da ke cinye shukar lambu

Malam, ka ce kullum da safe kana tarar da ganyen shukarka a yage, kana zargin barewa. Zarginka daidai ne. Barewa ba ta da haƙoran gaba na sama, shi ya sa take fizgar ganye ta bar shi kaca-kaca, ba kamar zomo da ke yanka shi tsaf ba.

Maganin da na fi yarda da shi shinge ne, amma sai tsayinsa ya kai mita 2.4, domin tsallenta ba wasa ba ne. In ya yi maka tsada, kafa gajeru biyu masu tsawon mita 1.2, ka bar tazarar kamar mita ɗaya da rabi tsakaninsu. Ba ta son dira a wurin da take ganin ƙunci. Ƙananan itatuwa kuwa ka zagaye kowanne da ragar waya, saboda namijin yana goga ƙahonsa a ɓawo har itacen ya mutu.

Ruwan ƙwai da tafarnuwa, in ka fesa wa shukar, yana korarta, sai dai ka sake fesawa bayan kowane ruwan sama. Mutum-mutumi kam kwana kaɗan ne ta saba da shi. Da asuba da magariba take zuwa, sai ka riƙa leƙawa a lokutan.