Idan Na Ce wa Ɗana Santa Yana Nan da Gaske, Na Yi Ƙarya?

Tambaya: Malam, muna zaune a Landan. Ɗana mai shekara 6 ya dawo daga makaranta cikin Disamba yana tambayata ko da gaske ne Santa, wani tsoho mai farin gemu da jan kaya, yana shiga gidaje da dare lokacin Kirsimeti ya ajiye wa yara kyauta. Maigidana ya ce in ce masa e, ai kamar tatsuniyar Gizo ce. Me shari'a ta ce?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malama, idan kika ce masa e, kin yi ƙarya, kuma ƙuruciyarsa ba ta sauke miki laifin.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa wata rana yana yaro, Annabi (SAW) na zaune a gidansu, mahaifiyarsa ta kira shi: "Zo in ba ka." Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ɗan dabino ke nan, balle a ce wa yaro wani mutum yana yawo a sama cikin dare guda. Wuraren da hadisin Ummu Kulsum a Sahihu Muslim ya yi rangwame uku ne: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zance tsakanin miji da mata. Faranta wa yaro ba ya ciki.

Kiyasin maigida da Gizo bai hau ba. Da kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," yaro ya san an shiga tatsuniya, kuma ita da bakinta take rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Ba wanda aka ruɗa, shi ya sa tatsuniya ta halatta. Naki kuwa ya zo neman gaskiya ne, ya kafe ki da ido.

Abin da ya fi damuna shi ne ana gaya wa yara wannan tsoho ya san wanda ya yi kirki da wanda ya yi rashin ji duk shekara. Sanin gaibu ke nan, na Allah ne Shi kaɗai. (Mu ma nan gida mu duba kanmu: "yi shiru ko Dodo ya kama ka" hukuncinsu ɗaya.)

Ki gaya masa asalin abin: an samo labarin ne daga wani limamin Kirista mai suna Nikolas, wanda ya rayu a garin Mira, cikin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, ya shahara da kyauta. Kayan kuwa iyaye ne ke saya su ɓoye. Ki ja masa kunne kada ya je aji yana yi wa 'yan maƙwabta dariya. Ranar Sallah ki miƙa masa goron Sallarsa hannu da hannu, ki ce daga babansa ne.

Wallahu a'alam.