Da gaske maƙerin makulli ne ya ƙera ƙofofin zinariya na Nancy?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai walda ne a Maraɗi. Na ga hoton wasu ƙofofi masu ƙyallin zinariya a birnin Nancy na Faransa, aka ce wai mai ƙera makulli ne ya yi su. Anya kuwa?

Amsa: Barka kadai. Ba a yi maka ƙarya ba, sunan sana'ar ne ya ruɗe ka. A Faransa ta ƙarni na 18, maƙeran makullai su ne da duk ƙirar ado ta gini: ƙofa, shinge, makarin bene, maratayin fitila.

Sunan mutumin Jean Lamour. A Nancy aka haife shi a 1698, ƙira kuma gadon gidansu ce. Tauraronsa ya haska ne da zuwan Stanislas, tsohon sarkin Folan da ya rasa karaga, aka damƙa masa yankin Lorraine, inda Nancy take, a 1737 saboda 'yarsa ce matar sarkin Faransa, Luwi na 15. Stanislas ya mai da Lamour maƙerin fada. Da ya tashi gina dandali a Nancy don karrama surukinsa, Emmanuel Héré ya zana gine-ginen, Lamour kuma ya cike kusurwoyin da ƙofofin ƙarfen nan da ka gani. An buɗe dandalin a 1755.

To, ga inda za ka jinjina masa, tunda kai ma ɗan hannu ne. Babu injin walda, babu giranda. Gawayi ne da zuga-zugi da uwar maƙera. Kowane lanƙwasa da zafinsa ake murɗa shi, mahaɗa kuma ko dai a gasa ƙarafan biyu a doke su har su kama juna, ko a dasa musu ƙusa, ko a ɗaure su da zoben ƙarfe. Ganyayyaki da furannin nan da ka gani kamar iska za ta kaɗa su, fallen ƙarfe ne aka yanka aka bubbuga da guduma ɗaya bayan ɗaya, da taimakon yaran maƙera. Zinariyar kuwa, kada ka yi tsammanin zalla ce. Fallenta ne siriri aka liƙa a kan ƙarfen.

Ni dai makarin matakalar da ya ƙera a fadar magajin garin ya fi burge ni, domin bin matakala mai karkata da ƙarfe ba tare da idon mai kallo ya kama mahaɗa ba ya fi ƙofa wuya.

A 1767 Lamour ya wallafa kundin zane-zanen ayyukansa, ya rasu a 1771. UNESCO ta sanya dandalin cikin kayan tarihin duniya a 1983.