Kafin ka nemi ƙarin kamasho, tambayi daga wane kuɗi za a cire

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce akwai wani Alhaji mai fitar da riɗi da zoɓo daga kasuwar Dawanau da yake son masu saye na ƙasashen waje su riƙa cin karo da sunan kamfaninsa in sun yi bincike a Google. Kana so ka kai shi wurin kamfanin nan na masu tallan intanet, su kuma sun ba ka zaɓi: ko kashi 20 cikin 100 sau ɗaya a watan farko, ko kashi 10 duk wata. Kana tambaya wanne za ka ɗauka, kuma ko akwai halin neman ƙari.

Tukuna. Koma ka tambaye su, kashi goman nan daga wane kuɗi za a cire shi? Yawancin rigimar da ake yi a sana'ar nan daga wannan tambaya take tashi, don kowa yakan bar wurin zama da lissafinsa daban a kansa.

Kuɗin da Alhaji zai fitar iri biyu ne. Akwai kuɗin tallan kansa, wanda Google Ads ke zara duk lokacin da wani ya danna tallan. Wannan wucewa kawai yake yi, kamfanin ba ya cin ko kwabo a ciki. Sai kuma ladan aikin kamfanin, na zaɓen kalmomin da mutane ke nema, da rubuta talla, da sa ido kada kuɗi ya tafi a banza. Abin da aka saba shi ne su karɓi kashi 10 zuwa 20 na kuɗin tallan, ko su yanke wani adadi duk wata. A ce Alhaji zai zuba naira miliyan ɗaya a wata, su kuma suna karɓar kashi 15. Nasu ya zama 150,000, wanda Alhaji zai biya bayan miliyan ɗin. In kana zaton kashi gomanka daga jimillar 1,150,000 ne, to ka sa ran 115,000 ke nan, ka bar musu 35,000 su biya ma'aikata, su sayi man janareta da data. Babu kamfani mai hankali da zai yarda. Wanda ya yarda kuwa, ka ji tsoronsa, don a jikin Alhaji zai fanshe: zai ce ya zuba miliyan a talla alhali dubu ɗari takwas ya zuba. Haƙƙinka na gaskiya daga 150,000 ɗin yake, wato 15,000 a wata. Kuma kada ka lissafa da harajin VAT na kashi 7.5 da za su ɗora a kan takardar neman biya, wannan na gwamnati ne.

Yanzu sai mu dawo kan zaɓinka. Kashi 20 sau ɗaya 30,000 ne, shi ke nan, an rabu. Kashi 10 duk wata zai kamo shi a wata na biyu, ya wuce shi a na uku, in Alhaji ya shekara kana da 180,000. Ni na duk wata zan ɗauka, amma da sharaɗin na san kwastoman da na kawo mai zama ne. Mai shagon da yake son talla ta mako biyu saboda kasuwar Sallah, karɓi naka sau ɗaya ka wuce. Mai fitar da kaya waje, ko makaranta mai zaman kanta, ko otal, waɗannan in sun ga amfani ba sa tashi. Za su so su sa wa'adi, watanni shida ko shekara. Ka nemi shekara, kada ka nace sai har abada. Bayan shekara, aikinsu ne ya riƙe Alhaji, ba gaisuwar da ka haɗa ba, kuma in ka nuna ka gane haka za su fi sakin jiki da kai.

In kuma aikin gyaran shafin intanet ne don ya hau sama a sakamakon bincike ba tare da biyan talla ba, wanda suke kira SEO, to a nan ma na duk wata ya fi, don aikin mai jan lokaci ne. Google da kansa ya ce a ba shi wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfani, ya kuma ce babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Don Allah kada ɗokin kamasho ya sa ka ce wa Alhaji wata mai zuwa zai ga kansa a sama. Zai biya wata biyu, bai gani ba, ya janye, ka rasa kuɗin, ka kuma rasa fuskar shiga layinsu.

Batun ƙari, akwai hali, amma ƙari da aiki yake zuwa. Wanda ya tura suna da lambar waya kawai, ya bar su su yi ta kira ana cewa Alhaji yana masallaci, kashi 5 ma ya ishe shi. Wanda ya zauna da Alhaji, ya gano nawa zai iya kashewa, ya kai shi ofishinsu da ƙafarsa har aka sa hannu, wannan ya cancanci goma ba tare da jayayya ba. Sha biyar zuwa ashirin na wanda zai ci gaba da tsayawa a tsakani ne: shi zai fassara wa Alhaji rahoton wata, shi zai bi kuɗi in an yi jinkiri, shi zai sha faɗa in wata ya zo babu ciniki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka in ka zauna da su kada ka fara da cewa a ƙara maka. Ka faɗi abin da za ka ɗauke musu, musamman harshe da amana, don yawancin waɗannan kamfanoni ba su san yadda ake shiga Dawanau ko Kantin Kwari a yi magana da maigida ba. Hanya ta biyu kuma ita ce hawa-hawa: goma a kan kwastoma uku na farko, sha biyu daga na huɗu.

Sai a rubuta. Ba rashin yarda ba ne, ayar bashi a Suratul Baƙara ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma rubutu ta yi umarni da shi. Shafi ɗaya ya isa. Kafin ka haɗa su, ka tura wa kamfanin sunan Alhaji ta imel ko WhatsApp, su amsa cewa ba kwastomansu ba ne tun da, kuma naka ne ko da sai bayan wata uku ko shida ya sa hannu. Na ga yaro ya kai mutum, mutumin ya ce zai yi shawara, bayan wata biyu ya koma shi kaɗai, aka ce wa yaron ai da kansa ya zo. A rubuta cewa za a biya ka cikin mako biyu bayan kuɗin Alhaji ya shiga, ba ranar da suka ga dama ba, kuma za a nuna maka takardar biyan. A rubuta ko kana da rabo in daga baya ya ce su gina masa sabon shafi ko su yi masa talla a Facebook, don sau da yawa babban kuɗin a nan yake. In za su cire maka haraji tun daga tushe, su faɗa tun yanzu, su kuma ba ka shaidar sun kai shi.

Shi kuma Alhaji, gaya masa kana da la'ada a ciki, kuma daga ladan kamfanin za ta fita, ba ƙari aka yi masa ba. Ɗan kasuwa ne, ya san dillali ba ya aikin banza, ɓoyewar ce za ta ɓata masa rai in ya ji a bakin wani. Nemi izininsa kafin ka ba da lambarsa.

Gobe ka je ka ce musu goma duk wata daga ladan aikinsu, na shekara ɗaya, har da duk wani aikin da zai ƙaro a cikin shekarar. In sun rubuta, kada ka sa hannu a wurin. Kawo mini takardar mu duba tare bayan la'asar.