Wa ya kama wata?

Tambaya: Malam, kakata takan ce "wata ya yi zazzaɓi", a rediyo kuma ina jin "husufi". Wanne ne Hausa ta gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki gyara wa kaka baki, Hausarta ta girmi ta rediyo. Husufi aro ne daga Larabci, khusuf, kuma malamai sukan ware shi ga wata, su bar kusuf ga rana. Daga wannan na biyun muka samo "kisfewa". Bahaushe dai bai tsaya rabe-rabe ba, husufin rana da husufin wata duk yana faɗa.

Zazzaɓi kuwa ido ne ya haife shi. Wanda ya fita tsakar gida ranar Juma'a da dare, 27 ga Yulin 2018, a tsakiyar Zulƙida, ba ya bukatar a fassara masa. Wajen takwas da rabi agogon Najeriya inuwar duniya ta gama rufe watan, farin wata sha kallo ya koma jajazur kamar garwashin da toka ta fara rufewa, bai fara washewa ba sai bayan goma ta gota. Awa ɗaya da minti 43, cikakken husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarni. Abin da ya ja shi: watan yana can nesa da duniya, inda tafiyarsa ke yin sanyi, ya kuma ratsa ta tsakiyar inuwar, ba ta gefe ba. Jan tauraron da ya raka shi a daren, wasu suka ce Zara ce, matar wata, ta zo jinya. Ba ita ba ce, Mirrihu ne, wato duniyar Mars. Zara tana yamma a lokacin.

Akwai ta uku da ba ki kawo ba, "rana ta kama wata", wadda ke fito da yara suna dukan gwangwani don a sake shi. A nan an ɗora wa rana laifin da ba nata ba. Duniya ce ke shiga tsakani ta tare haske, shi ya sa abin ba ya faruwa sai wata ya cika, daren sha huɗu ko sha biyar. Amma ban wanke ranar fes ba, don jan nan haskenta ne da ya lanƙwaso ta iskar da ke kewaye da duniya, shuɗin ya watse a hanya, jan ya isa. Irin jan da kike gani a yamma gab da magariba.